Bangon Ɗakin Jego

'Yan mata uku ne suka zo ƙofata ranar Asabar da ta wuce, kowace da waya a hannu, wai in ɗauke su aiki. Na tambaye su me suka iya. Babbar cikinsu ta ce ai yanzu ba sai an iya ba, Anti Talatu, komai yana cikin bidiyo, ke ma ba a nan kika koya ba? Na ce haka ne, a nan na fara. Na shimfiɗa musu tabarma, na koma kan rishon da nake sauya wa lagwani. A ranar 'yata Ummi tana tari, rabin hankalina yana ɗaki, shi ya sa ban yi musu dogon bayani ba. Abin da ban faɗa ba shi ne wannan.

Sana'ata gyare-gyaren cikin gida ce. Famfo mai ɗiga, sakatar da ta kwance, ƙofar da ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, tagar da iska ke bugawa, daɓen siminti da ya farfashe, bangon da ya tsage. Akwai maza da yawa a Jos da suka fi ni iya waɗannan. Abin da na fi su da shi ɗaya ne, ni ina shiga. Tsofaffin gidajen unguwarmu ta wajen Laranto da yawansu ba shiga ne, namiji baƙo iyakarsa zaure. In famfo ya lalace, sai an jira maigida ya samu ranar da zai zauna ya tsaya a kan mai gyara, matan gida kuma a tura su ɗaka. Wani gidan sai a yi wata biyu ana tara ruwa da roba. Ni kuwa sallama ɗaya nake yi daga zaure, a ce shigo. Wannan shigowar ita ce jarina gaba ɗaya. Ranar da aka daina ce min shigo, ba ni da sana'a.

Famfon tsakar gidanmu shi ne aikina na farko. Maigidana, Malam Sani, direban motar katako ne, in ya ɗauki kaya daga Laranto yakan yi kwana goma bai dawo ba. Famfon yana jikin bangon ɗakinmu, yana ɗiga dare da rana, ruwan yana bi ta ƙasa yana shiga ciki. Gefen da muke shimfiɗa ya yi baƙi, ya fara wari, ga sanyin Jos, ga Ummi lokacin shekararta biyu, ƙirjinta yana ƙara kamar ana yaga tsumma. Mai gidan hayar kullum gobe. Da na gaji sai na goya Ummi na hau acaba zuwa Terminus, da niyyar in sayi ko me ake sa wa famfo ya yi shiru.

A nan na haɗu da Mama Obinna. Inyamura ce, babbar mace, da tana da shagon kayan famfo a cikin babbar kasuwa kafin kasuwar ta ƙone. Bayan gobarar ta kama wani ɗaki a saman bene can gefen titi, ta jera kwamfuta shida ana shiga intanet, ragowar kayan famfon kuma ta zuba su a akwatin gilashi a bakin ƙofa. Na yi mata bayani, ta ba ni wata 'yar baƙar roba mai huji, ta ce ita ce washa. Na tambaye ta ina ake sa ta. Ta dube ni, ta dubi goyona, ta ce, "Zo ka zauna, zan nuna maka oga da ya iya." Haka take magana da kowa, mace ko namiji.

Ta buga Turanci a kwamfuta, hotuna suka fito a jere, ta zaɓi ɗaya. Sai jira. Ku da kuke ganin abin kamar wasa, ku sani bidiyon minti huɗu sai da muka yi kusan awa muna jiransa. Akwai wani layi a ƙasan hoton da ke cika a hankali, Mama Obinna ta ce kada in taɓa komai sai ya kai ƙarshe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, aka koma farko. Da ya zo, wani Bature ne mai gashi a hannu, da agogo babba. Kwamfutar ba ta da lasifika, kuma ko da tana da ita Turancina bai wuce gaisuwa ba, a aji biyar na tsaya. Don haka hannunsa kawai na kalla. Ya rufe ruwa daga tushe, ya kwance kan famfon da sifana, ya zaro tsohuwar roba, ya sa sabuwa, ya naɗa farar roba a bakin zaren, ya mayar. Na kalla sau uku. Da yamma famfonmu ya yi shiru, matan gidan haya suka taru suna kallona kamar na yi tsafi. Kafin sati ya zagayo an kira ni gida biyu.

Neman bidiyo shi ma aiki ne, kuma na iya shi daidai gwargwado. Ni zan faɗi matsalar da Hausa, Mama Obinna ta juya ta da Turanci, kwamfuta ta kawo abin da ta kawo. Na koyi zaɓa tun daga hoton farko. In fuskar mutum ce ta cika hoton, mai surutu ne, zai cinye miki lokaci bai taɓa komai ba. In inji ne babba a hannunsa, wuce shi, ba ki da injin. Gajere nake nema, wanda hannu da aiki suke kusa da ido. Da yake ban san sunayensu ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai Mai Agogo, shi na fi yarda da shi. Akwai Mai Tumbi, gwanin ƙofofi. Akwai wata mata da nake kira Gwaggon Gilashi, ita ta koya min sauya gilashin taga. Daga baya na sayi 'yar waya mai mimori, Mama Obinna tana zuba min su a ciki, in kalla a gida ina tuƙa tuwo.

Kayan aikina a tsohuwar jakar kayan jaririn Ummi suke har yau. Sifana mai buɗewa da tsukewa, filaya, sukudireba biyu, guduma, cokalin gini, wani miƙaƙƙen katako na daidaita filasta, farar roba, ƙusoshi a gwangwanin madara. Rabin abin da Turawan nan ke ɗaukowa daga akwatinsu babu shi a kasuwarmu, in ma akwai, na jabu ne, kina ɗaurewa ya tsage a hannunki. Na yanka silifa na yi washa. Na ɗaure bututu da robar tayar keke ya yi shekara bai ɗiga ba. Su kuma masu kirana, kowace da halinta. Wata za ta ja kujera ta zauna a kaina tana ba ni labarin yadda marigayi babanta ke yi. Wata kafin in ajiye jaka ta kawo kunu. Kusan dukkansu kuwa, in na gama ina ɗaure goyo, sai a ce tunda kin zo, leƙa min wannan ma.

Aikin gidan Hajiya Asabe ya zo ne a tsakiyar damina ta shekarata ta biyu, lokacin sunana ya zagaya, har daga Tina Junction an taɓa aikowa a ɗauke ni. Hajiya Asabe babbar mace ce a unguwa, in ta yaba abu mata sun karɓa. Gidansu tsoho ne, surukinta ya gina shi tun zamanin haƙar kuza. 'Yarta Rabi ta dawo gida goyon cikin fari, haihuwa ko yau ko gobe, ɗakin da za ta yi jego kuma filastar bangonsa tana ɓarewa, daidai saman kan gado, faɗin wurin ya kai tabarma biyu. Hajiya ta ce tana so a gyara, a yi fenti, baƙi za su zo suna daga Kano da Bauchi.

Ban taɓa yin filasta mai girman haka ba, amma na ce zan iya. Na je wurin Mama Obinna na ce filastar bango ce ke zuba. Ta buga, muka yi sa'a Mai Agogo yana da bidiyon haka. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Ya ɓamɓare abin da ya saki, ya share da buroshi, ya ɗauko tiyo ya jiƙa bangon sharkaf, ya watsa kwaɓi da ƙarfi, ya ja katako, ya ƙara na biyu, ya goge har yana sheƙi.

Haka na yi, ban tsallake ko ɗaya ba. Da na ɓamɓare tsohuwar filastar na ga abin da ke bayanta ja ne, ban ɗauke shi komai ba. Ba ni da tiyo, sai na ja ruwa a rijiya. Bokiti na farko bangon ya shanye nan take. A bidiyo ruwan gangarowa yake yi, a nan kuwa ɓacewa yake, sai na ce ashe bai ƙoshi ba, na ƙara. Bokiti huɗu na ba shi. Na yi kwaɓi mai siminti da yawa don kada a ce na yi ƙwauro, na ɗora kaurin yatsa biyu, inda yake da rami har uku. Ya fito sumul. Bayan sati na shafa shuɗin fenti. Hajiya ta riƙa shigo da mata suna shafa bangon da tafin hannu, tana gaya musu a kwamfuta na koya, wurin Turawa. Aka mayar da gadon ƙarfe wurinsa. Da sati biyu Rabi ta haifi 'ya mace.

Ranar kwana huɗu na je barka da hantsi. Kun san ɗakin jego a garin nan, balle da damina. An rufe taga, an saki labule, kaskon garwashi a ƙarƙashin gado ba ya mutuwa, wani kuma a bakin ƙofa. Ina shiga zafi ya buge ni. Rabi tana kishingiɗe, jaririyar tana kwance ta wajen bango. A gefe akwai wata tsohuwa tana firfita kunun kanwa, aka ce min Goggo Lami ce, ƙanwar mahaifin Hajiya, daga Bukuru aka ɗauko ta don wankan jego.

Na karɓi jaririyar, na yi addu'a. Ina mayar da ita sai na ga wani jan gari a kan farar rigar matashi, kaɗan, kamar an barbaɗa yaji. Na ɗaga kai. Can sama inda filastata ta haɗu da tsohuwar filasta akwai tsaga siririya kamar gashi, ta tafi tun daga kusurwa har kusan taga. Goggo Lami ta ga inda nake kallo. Ta zare cokali daga kofin kunu, ta lashe, ta miƙe ta ƙwanƙwasa tsohon bangon da bayan cokalin. Sautin ya mutu nan take. Ta matsa ta ƙwanƙwasa nawa. Ya amsa kamar an bugi ƙwarya a kife.

Rabi ta yi dariya ta ce, "Goggo, tun yau kika fara kiɗan suna?"

Goggo ta ce tana gwada hannun baƙuwa ne. Ta saɓa jaririyar a kafaɗa wai za ta sha hantsi, ta yi min ido, na bi ta bakin rijiya.

Ta tambaye ni ruwa nawa na ba bangon. Na ce bokiti huɗu. Ta jinjina kai.

"Jar ƙasa ce, 'yar nan. Kin jiƙa ta, kin rufe ta da murfi, mu kuma mun zo mun hura wa murfin wuta. Shi ya bushe ya ja jikinsa, ita tana nan ɗanya. Babu abin da ke riƙe da shi yanzu sai gefe da gefe."

Ashe da ƙuruciyarta yaɓe da daɓe ne sana'arta a barikokin kuza. Na tambaye ta yaushe zai faɗo. Ta ce zai iya kaiwa auren jaririyar nan, zai kuma iya saukowa kafin la'asar, ita ba ta sani ba, kuma babu wanda ya sani. Ta ce tun jiya ta gaya wa Hajiya, Hajiya ta ce Goggo dai ba ta son abin zamani, wannan aikin kwamfuta ne. Ta juya wa Rabi matashi zuwa ƙafar gado, Rabi ta mayar saboda hayaƙin kaskon ƙofa. Ta ce, "Ni an ji tawa an ajiye. Taki ce kawai za a ji."

Na zagaya bayan kicin na kunna bidiyon a waya, ina so in ga inda na kauce. Ban kauce ko'ina ba. Sai a kallo na biyu na lura da abin da ke bayan hannun Mai Agogo. Bulo ne, toka-toka, a jere, da layin siminti a tsakaninsu. Sau goma da wani abu na kalli bidiyon nan, hannunsa nake bi, ban taɓa kallon bangon ba.

Hajiya tana tsakar gida da maƙwabta uku suna suyar cincin na suna. Saura kwana uku. Na san duk abin da na faɗa a gaban matan nan, kafin azahar ya kai Laranto. Na ce ina son magana da ita a gefe. Ta ce in faɗa a nan, duk 'yan gida ne, hannunta da mai. Sai na faɗa. Na ce filastar da na yi ta saki, nauyinta ya fi na buhun siminti, tana saman kan Rabi da jaririya, a fitar da su yanzu in sauke ta.

Hajiya ta ci gaba da juya cincin. Can ta ce, "Ke da bakinki kika ce min haka Bature ya yi."

Na ce, "Haka ya yi, Hajiya. Bangonsa ne ba irin naki ba. Ni ce ban duba ba."

Ta ce Goggo ce ta zuga ni, bangon da mata suka shafa da hannunsu babu abin da zai same shi a kwana uku, bayan suna in zo in yi duk haukan da zan yi. Ɗaya daga cikin matan ta ce ko dai aikin ne ya yi min kaɗan nake neman na biyu. Suka yi dariya. Na ce ba zan tafi ba sai Rabi ta bar gadon. Hajiya ta ce in zama ne ga turmi can. Na je na kife turmin na zauna, Ummi tana jingine da ƙafata. Na zauna har aka kira azahar, idona yana kan ƙofar ɗakin. Goggo kuma ta ƙi mayar da jaririyar, tana ta zagaye da ita. A ƙarshe Rabi ce ta fito da kanta, da zane a kafaɗa, ta ce ita dai tun ɗazu take jin ƙasa tana zubo mata a gashi, ba za ta koma ba. Ta wuce ɗakin uwarta.

Muka fitar da katifa da kaskon wuta. Gadon ƙarfen ba ya fita ta ƙofar sai an kwance shi, Hajiya ta ce ba mai kwance mata gado saboda shirme. Na taka kujera daga gefe, na sa bakin cokalin gini a tsagar, na buga da guduma sau biyu, ba da ƙarfi ba. Filastar gaba ɗayanta ta taho, falle guda, da shuɗin fentinta. Ta sauka a kan gadon, ƙarfen wajen kai ya lanƙwashe har ya kusa taɓa ƙasa. Bayanta ƙasar tana nan jiƙe, baƙi-baƙi, tana warin rijiya, na danna yatsa ya shige.

Matan suka leƙo daga ƙofa. Hajiya ta shigo ta daɗe tana kallon wurin da matashin yake ɗazu. Sannan ta ce, "Gadon aurena ne." Ta juyo ta ce in kwashe kayana.

An yi suna, aka sa wa yarinya Walida, aka ja ƙofar ɗakin aka kulle. Ban je ba. Kafin sati labarin ya zama bangon da Talatu ta gina ya faɗa wa jaririya, a wani bakin har da asibiti. Daga nan shekarar ta lalace. Gidajen da nake sallama a ce shigo, sai na ji ana cewa matar gidan tana barci. Wadda ta sa min rana ta aiko an fasa. Risho kawai ake kawo min har ƙofa, shi ma don ba ya faɗo wa kowa a ka. Malam Sani ya ce in sayar da jakar nan in kama suyar awara kamar kowa. Na ce to, na tura ta ƙarƙashin gado.

Da Rabi ta yi arba'in ta koma ɗakin mijinta, Goggo Lami ba ta koma Bukuru ba. Ta jira ruwa ya ɗauke, ta aiko a kira ni. Ta ce wanda ya ɓata shi zai gyara, kuma ita bayanta ba ya sunkuyawa. Na shiga gidan, na gaida Hajiya, ba ta amsa ba, ba ta kuma hana ba. Tun ranar da abin ya faru Goggo ta sa aka buɗe tagar ɗakin, bangon ya sha iska ya bushe.

Wata biyu na yi a hannun tsohuwar nan a kan bango guda, kuma shi ne koyon sana'ata na gaskiya. Ta sa aka kawo jar ƙasa da ƙaiƙayin acca. Na tankaɗe, na kwaɓa, na tattaka da ƙafa har ƙaurina ya yi ciwo, aka rufe da buhu kwana uku ya ruɓa. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsokanata, wai Baturen naki yana da ƙafa kuwa, kullum sai hannu? Ta hana ni cike rami a tashi ɗaya. Shafi kaɗan, a bar shi ya bushe, gobe ko jibi a ƙara. Kafin na ƙarshe ya bushe muka danna ƙananan tsakuwa a jiki, muka kafa tsofaffin ƙusoshi, don siminti ya samu abin kamawa. Simintin kuma kaɗan, yashi da yawa, kaurinsa bai kai yatsa ɗaya ba. Ruwa kuwa da tsintsiya aka yayyafa, ko rabin ƙwarya bai ƙare ba. Kowace safiya kafin in taɓa komai sai ta miƙo min cokali, in bi bangon layi-layi ina bugawa, in gaya mata abin da na ji. In na ce lafiya, ta ce sake. Sau biyu tana kama ni, ta sa na fasa wurin.

A cikin kwanakin ne na koma wurin Mama Obinna na ba ta labari. Ta riƙe haɓa ta ce, "Me ya sa ba ka gaya mini bango na ƙasa ne ba?" Na ce ban san abin faɗa ba ne. Ta buga wasu kalmomi, muka jira layin ya cika. Sai ga mutane a wata ƙasa, ba takalmi, suna tattaka ƙasa da ciyawa, suna shafawa kaɗan-kaɗan, daidai yadda Goggo ke sa ni. Bidiyon yana nan tun can da ma, a kwamfutar da na zauna a gabanta, ni ce ban san in tambaye shi ba. Kwamfuta abin da kika tambaya take ba ki, ba ta zuwa gidan ta duba. Na kai wa Goggo a waya. Ta kalla sau biyu, ta matso da shi kusa da ido, ta ce mutanen ba laifi, amma ciyawarsu ta yi tsawo.

Don haka, ku ukun nan, ba na hana ku bidiyo. Har yanzu ina hawa benen Mama Obinna in abu ya shige min duhu. Amma kafin ku hau, ku je gidan tukuna. Ku kankare wuri kaɗan da ƙusa ku ga launin abin da ke ciki. Ku tambaya wa ke kwana a ɗakin, ina kansa yake, me ake hurawa a ciki. In kun zauna kallo kuma, ku kalli abin da ke bayan hannun. Duk mai son bina ta dawo ranar Asabar, ta taho da cokalin ƙarfe daga gidansu.

Aiki ya dawo a hankali, gida ɗaya yau, wani bayan sati uku, har yanzu akwai waɗanda ba su sake kirana ba. Ɗakin nan kuwa, ko bayan mun gama shi Hajiya ba ta bar kowa ya kwana ciki ba, buhunan masara ta zuba. Damina biyu suka wuce a kansa. Goggo Lami ta rasu bara.

Watan jiya Hajiya ta aiko a kira ni. Rabi tana da ciki na biyu, ta ce a gida take so ta sake haihuwa. Na tarar an kwashe buhunan, an share ɗakin, gadon ƙarfen yana tsakar gida, an kai shi wurin mai walda an miƙe kansa, ana ganin tabon. Muka gaisa, wannan karon ta amsa har da tambayar tarin Ummi. Sannan ta shiga kicin ta fito da cokali ta miƙo min.

Na fara daga kusurwa, layi-layi, sama zuwa ƙasa. Walida tana bina tana buga nata da murfin kwano, sai da aka ɗauke ta don in ji. Kusa da taga na tsaya, na koma wurin sau uku. Hajiya tana bakin ƙofa ta ce me na ji. Na ce ban ji komai ba, katakon tagar ne ke amsawa. Ta ce sake. Na sake tun daga farko har ƙarshe, na ce lafiya yake.

Ta ce to in kama mata. Muka kwance gadon da sifanata, muka shigar da shi, muka ɗaure. Na tambaye ta ta ina za a juya kan. Ta nuna bangon.